Kalmar "Nowty" a Bakin Mutanen Manchester

Bahaushen da ya sauka a Manchester da Turancin makaranta ba zai daɗe ba sai ya ji wata kalma da malaminsa bai koya masa ba, wato "nowty". Uwa takan faɗe ta game da ɗanta idan bai sami isasshen barci ba. Mata ma takan jefi mijinta da ita idan ya dawo daga aiki yana hararar kowa. Da wuya a same ta a ƙaramin ƙamus, domin kalma ce ta karin harshen Lancashire, lardin da Manchester take ciki har zuwa 1974.

Asalinta ɗaya da "naughty", dukkansu kuwa daga kalmar da ke nufin "ba komai" suka fito. Da can wanda aka kira haka matalauci ne, marar ko anini. Daga baya ma'anar ta koma "mugu", sannan a daidaitaccen Turanci ta sauka kan yaro mai ƙiriniya. A Lancashire kuwa sai ta tsaya kan mutumin da abu kaɗan ke tunzura shi.

Wajen mayar da ita Hausa ne ake shan wuya. "Mai zafin rai" ya yi nauyi, don zafin rai hali ne da mutum ke tsufa da shi. "Miskili" ma bai dace ba, domin miskili shiru yake yi, wannan kuwa bakinsa ba ya hutawa da ƙorafi. "Masifaffe" zagi ne. Duk wanda ya faɗa wa mutum haka a Kano ya shirya ba da haƙuri. Ita kuwa "nowty" sau da yawa yanayi ne na yini guda, yunwa ko gajiya ke kawo shi, kuma na gida ke faɗa wa na gida. Abin da ya fi kusa da ita shi ne a ce, "Yau 'yan ƙuncin ne a kansa."

A Birmingham, kimanin kilomita 140 kudu da Manchester, ba kasafai ake jin ta ba. Can idan mutum ya ɓata rai sai a ce fuskarsa ta kai tsawon titin Livery, wani dogon titi da ke gefen tashar jirgin ƙasa ta Snow Hill. Su tsawon fuskar suke aunawa. Bahaushe kuwa duhunta yake dubawa, shi ya sa yake cewa wane ya murtuke kamar hadarin gabas.