Masar kirki a lungu take

Aikin koyarwa a Nijar aikin ƙaura ne. Tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Damagaram, sama da shekara ashirin ke nan, an kai ni garuruwa biyar tsakanin ƙasar Magarya da ta Dungas kafin a dawo da ni gida Kwaya. Duk garin da na sauka, in na ga makaranta na ga ɗakin kwana, abu na uku da nake nema shi ne mai masa. Wanda zai tsaya gaban yara sittin ko saba'in tun ƙarfe takwas har rana ta take ya san darajar karin kumallo.

A wannan yawo na lura da abu guda: masa mai daɗi ba ta cika zama a tasha ko a bakin kwalta ba. Tana can cikin unguwa, a zauren wani tsohon gida ko gindin darbejiya, inda babu allon talla, babu suna a rubuce. Hanyar gano ta kuwa mai sauƙi ce. Ka tambayi ladan, domin shi yake riga kowa tashi, ya san gidan da hayaƙinsa ke fara fitowa. Ka tambayi 'yan kabu-kabu, su da suke ci da kuɗin guminsu kuma ba sa yafe wa mai ha'inci. In ba ka samu ko ɗaya ba, tsaya bayan sallar asuba ka duba lungun da yara ke fitowa da kwano a rufe, suna sauya hannu saboda zafi. Ka bi sawunsu.

In ka isa, akwai alamu. Tandar ta ƙasa ce, ta yi baƙi ƙirin don shekaru, irin wadda magina ke yi, kamar na Mirya da aka sani da iya ginin tukwane. Wutar ta kara ce ko ƙirare, ana tura ta kaɗan-kaɗan. Man na gyaɗa ne, sau da yawa daga hannun maƙwabciya mai ƙuli-ƙuli, don ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce tun zamanin kakanni. Alama ta ƙarshe ita ce masar takan ƙare kafin hantsi. Mai masar da har azahar tana da saura, akwai dalili.

Sirrin kansa yana cikin ƙullu. Ana jiƙa hatsi ko shinkafa tun da rana, a kai niƙa da yamma, a haɗa da ɗan abin da aka dafa daga cikinsa don masar ta yi laushi, sannan a rufe a bar shi ya kwana. Cikin dare yake tashi, ya yi kumfa, ya ɗauki tsami. Da asuba sai a zuba ruwan kanwa daidai gwargwado don a karya tsamin. A nan ake gane gwana. In kanwa ta yi kaɗan, tsami ya kashe maka haƙori. In ta yi yawa, masar ta yi ja, ta yi wari. Babu ma'auni a rubuce, harshe ne da ido da shekaru. Masar da aka yi haka, gefenta ya soyu, cikinta ya yi ramuka kamar saƙar zuma, ba ta gafi, ba ta maƙaƙi a wuya. Ko da sukari ka ci, ko da yajin ƙuli, ko da miya, za ta riƙe ka har tashi daga aji.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da nake saye wurinta. Wata safiya cikin hunturu muka taru mu kusan goma da kwanoninmu, ta leƙo ta ce mini: "Mushe, yau ƙullu bai tashi ba, sanyi ya kama shi. Ku yi haƙuri sai gobe." Na ce: "Inna, ki soya mana haka nan mana, ai yunwa muke ji." Ta ce: "In na soya maka yau, gobe da wane ido zan kalle ka?" Ta rasa cinikin ranar gaba ɗaya. Daga daren nan ta koma ajiye tukunyar ƙullun kusa da murhu, cikin ɗumin toka.

Maganarta ita ce dalilin da ya sa masar unguwa ta fi ta tasha. Mai sayarwa a tasha tana ciyar da matafiyin da ya nufi Damagaram ko Maigatari, wanda watakila ba za ta sake ganinsa ba. Ba na cewa duk masu tasha maha'inta ne, amma babu abin da ke tilasta musu. Ita kuwa ta unguwa tana sayar wa surukinta da limaminta da malamin jikokinta. In ta sa mai mara kyau, kafin la'asar labari ya zaga gari. Sunanta shi ne jarinta, kuma ta fi shekara talatin tana tara shi.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. Ɗalibaina na ganin fiza a wayoyin yayyensu suna ɗauka abincin manyan masu kuɗi ce. Nakan gaya musu cewa asalinta abincin talakawan birnin Nafoli ne a Italiya: kwaɓin fulawa da aka bari ya tashi, a shimfiɗa, a sa tumatir da cukunsu mai laushi, a jefa a tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi ta gasu. 'Yan ci-ranin Italiya suka tafi da ita Amurka, inda gidan Lombardi's na birnin New York ke lissafa tarihinsa daga 1905. Daga baya manyan kamfanoni suka shiga harkar, suna yin ta da gaggawa, iri ɗaya a ko'ina. Amma har yau masu son fiza ta gaske tsofaffin gidajen abinci na unguwa suke nema, inda iyali ɗaya suka gaji tanderu daga kaka. A 1984 masu sana'ar a Nafoli suka kafa ƙungiya don tsare ƙa'idar yin ta, ciki har da barin kwaɓin ya yi sa'o'i yana tashi. A watan Disamba na 2017 kuma UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fizar Nafoli cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ƙullu mai kwana, wuta mai rai, da mai sana'ar da unguwa ta sani: da fizarsu da masarmu, abin da ke sa daɗi ɗaya ne.

Bambancin shi ne su sun tashi sun kare tasu, mu tamu tana zamewa daga hannunmu. Yis da hodar burodi sun shigo, ƙullun da ya kamata ya kwana yanzu cikin sa'a biyu ya kumbura, amma ɗanɗanon bai biyo shi ba. Tandar ƙarfe ba ta fashewa, sai dai tana ƙona waje ta bar ciki ɗanye in ba a kula ba. Man jarka ya maye gurbin na gyaɗa. Ban ga laifin matan ba. Hatsi ya yi tsada, mu kuma da ke bakin iyaka muna fama da naira da sefa, yau wannan ta hau, gobe waccan ta faɗi, mai saye kuwa yana son masar dala ashirin ta cika kwano kamar shekara goma da suka wuce. Yaranmu ma sun fi ɗokin taliyar mai shayi.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na malami, kuma ya kamata ya dami iyaye. Yawancin masar da ake ci a garuruwanmu ba a gaban tanda ake sayenta ba, yarinya ce ke ɗauke da ita a ka tana zaga gari. Wannan yarinyar sunanta yana cikin rajistar ajina. Takan shigo ƙarfe goma, hannunta na ƙanshin mai, an riga an gama darasin karatu. Ran kasuwa ba ta zuwa sam. Uwar tana da hujjarta: ita ba ta fita, kuma da ribar tallan ake cefane, da ita ake tara wa yarinyar kayan ɗaki. A cikin wannan wata na Disambar 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar kare 'ya mace da tallafa mata yayin da take karatu. Doka ce mai kyau, amma takarda ba ta sayar wa uwa masarta. Muddin muna zaune a gida muna jiran a kawo mana har ƙofa, da mu ake hana yarinyar nan aji.

Shi ya sa neman mai masa har inda take ya wuce kwaɗayi. A makarantarmu mun zauna da ƙungiyar iyaye mata muka yi wata 'yar yarjejeniya. Malamai da wasu magidanta muka ɗauki alkawarin zuwa ko aika babban yaro gidan masu masa biyu kafin ƙarfe bakwai da rabi, mu saya a can, mu biya nan take. Wata bazawara dattijuwa kuma ta karɓi sauran tana sayarwa a ƙofar makaranta lokacin hutun safe, ana ba ta ladanta. Ba mu kawar da talla a Kwaya ba. Amma 'yan mata uku da a da sai hantsi muke ganinsu, yanzu da su ake shiga layi.

Ina da roƙo ga 'yan'uwana malamai musamman: mu daina cin bashin masa. Mu masu jiran ƙarshen wata mun saba da "rubuta, Inna, sai an biya". Jarin mai masa bai wuce tiya biyu ko uku ba. In malamai huɗu suka ci na mako biyu ba su biya ba, dole ta rage mai, ko ta koma wa yis, ko ta tura 'yarta talla don cike giɓin. Ga iyaye kuma, in suna ya taso ko walimar sauka, a ba ta aikin, a kuma biya ta kuɗin man gyaɗa na gaske ba tare da ja-in-ja ba.

Tandar nan ma aji ce. Na taɓa kai wa 'yan ajina ƙullu kofi biyu, ɗaya sabon niƙa, ɗaya kwananne, na bar su suka ga kumfar, suka shinshina, kafin in yi musu bayanin ƙananan halittun da ke cin sukarin hatsi suna fitar da iska. Na ba su lissafi: tiya ɗaya kaza, mai kaza, niƙa kaza, ta ba da masa kaza, nawa ce riba? 'Yar mai masa ce ta riga kowa ɗaga hannu, kuma ta gyara mini kuɗin kara da ban sa ba. Yarinyar nan za ta iya koyon hannun kakarta da yamma, lokacin jiƙo da haɗa ƙullu, da ranakun hutu, ta kuma zo aji da safe. In ta iya karatu da lissafi, tandar ta fi samun mai riƙe ta.

Duk wanda aka kai sabon gari a watan Oktoba mai zuwa, ya sayi kwano mai murfi, ya gaisa da ladan, ya tambaye shi gidan da hayaƙi ke fara tashi. Ya je da ƙafarsa, da kuɗinsa a hannu, kuma ya je da wuri.