Waƙar Da Ta Zo Ta Ƙarshe

 Na san da yawanku kun buɗe wannan rubutu ne da zaton ci gaban labarinmu za ku tarar, to ku yi mini afuwa, yau wata magana ce daban na zo da ita, wadda in ban fitar da ita daga cikina ba ba na jin alƙalamina zai sake tafiya yadda ya saba. Ita ce kuma amsar masu ta aiko da tambaya, wai lafiya aka ji ni shiru har wata huɗu cur.

Lafiyata ƙalau, kunya ce ta ɓoye ni. Wata gasar gajerun labarai na shiga, ba zan faɗi sunanta ba domin masu ita ba su yi mini laifin komai ba. Kafin in aika da nawa sai da na zauna na karance labaran da suka ci a baya, na ce ashe ga irin abin da alƙalan ke so. Na ɗauko labarina na yi masa aski tas, na cire karin magana, na cire hirar tsakar gida, na kori uwar miji da kishiya, na sa jarumar tana magana kamar mai gabatar da ƙasida a zauren taro. Da na gama ni kaina ban gane abin da na haifa ba, amma na rufe ido na tura. Sakamako ya fito, ko a jerin farko babu sunana. Shekara ashirin da 'yan kai ina rubutu, yara sa'annin 'yata suka wuce suka bar ni. Na tattara takarduna na cusa a ƙarƙashin gado, na ce ni da rubutu sai wani ikon Allah.

Ana nan wata Juma'a autanmu ya biyo bayan an sauko daga masallaci, ya tarar da ni na yi tagumi a bakin ƙofa.

"Yaya, wai har yanzu zaman makokin ake yi?"

Na ce, "Auta ka fita idona, ba na son wasa yau."

Bai ce komai ba, ya laluba wayarsa ya miƙo mini, ya ce in kalli wannan, minti uku ne kacal. Wani siririn saurayi na gani, Bature, da baƙar kwat da ta yi masa yawa, ya ɗaure gashinsa ta baya, yana tsaye shi kaɗai a kan wani ɗan ƙaramin dandamali a tsakiyar dubban mutane. Babu 'yan rawa, babu wuta mai tartsatsi, muryarsa ƙasa ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Ko kalma ɗaya ban ji ba a yarensa, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce wannan fa? Ya ce sunansa Salvador Sobral, ɗan ƙasar Fotugal ne, kuma ƙasarsu sai da ta yi shekara 53 tana shan kaye a wannan gasa kafin wannan daren. Ya ce, "Ke kuwa Yaya faɗuwa ɗaya kika yi kika shige ɗaki."

Maganar ta ba ni haushi, amma ta hana ni barci. Kwana uku muka yi da shi muna bin labarin, kuma abin da na tsinta shi ne zan ba ku.

Gasar sunanta Eurovision. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai ce ke shirya ta duk shekara, an fara ta a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan da ƙasashe bakwai kawai. Kowace ƙasa gidan talabijin ɗinta ne ke zaɓo waƙa guda sabuwa ya aika, ba ta wuce minti uku, kuma mutanen da za su hau dandamali ba sa wuce shida. Bayan an gama sai kowace ƙasa ta raba maki ga sauran, mafi girma 12, amma ba ta da ikon ba wa kanta. Galibi wadda ta ci ita ke karɓar baƙuncin gasar a shekara mai zuwa. Ban ce ku je ku yi ta kallo ba, don akwai shigar da ni kaina sai da na kawar da kai, labarin zaɓen da faɗuwar ne ya riƙe ni.

Ita Fotugal a 1964 ta fara shiga. Gidan talabijin ɗin ƙasar, RTP, ya ƙirƙiro bikin waƙa na cikin gida mai suna Festival da Canção don tace wanda zai wakilce su. Wanda ya fara cin sa, António Calvário, aka ɗora masa tuta ya tafi birnin Copenhagen, ya dawo da maki sifili, ko ɗaya babu wanda ya ba shi. Kai jama'a! A 1997 ma aka sake maimaita musu sifilin a Dublin. Duk tsawon shekarun nan mafi kyawun abin da suka taɓa samu shi ne na shida, a 1996. Kusan dukkan waƙoƙinsu da harshensu na Fotugis suke yi, har bayan 1999 da aka janye dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta, akasarin ƙasashe suka ruga Turancin Ingilishi don a can nasara take.

To amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 1974. A ranar 6 ga Afrilu na shekarar aka yi gasar a garin Brighton na Ingila, ƙasashe 17. A daren ne 'yan ƙungiyar ABBA na Suwidin suka ci da waƙarsu ta Turanci, Waterloo, daga nan duniya ta san su. Fotugal kuwa wani mawaƙi Paulo de Carvalho ta aika da waƙar soyayya mai suna E depois do adeus, wato abin da ke biyo bayan bankwana. Maki uku ya samu, shi da ƙasashe uku suka haɗu a ƙarshen layi. Na san yadda zuciyarsa ta yi a hanyar komawa gida, don na ɗanɗana.

A lokacin Fotugal na ƙarƙashin mulkin kama karya ne na sama da shekara arba'in, wanda Salazar ya kafa, Marcelo Caetano ya gaje shi a 1968. Ana ta kwasar samarin ƙasar ana tura su yaƙi a Angola da Gini Bisau da Mozambik don a hana 'yan Afirka 'yancinsu, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai wasu ƙananan hafsoshin soja suka gaji, suka ƙulla juyin mulki a asirce. Matsalarsu ita ce yadda za su sanar da 'yan uwansu da ke barikoki daban daban cewa lokaci ya yi, ba tare da 'yan sandan ciki sun farga ba. Suka shirya da wani mai gabatar da shiri a rediyo cewa ya sa wata waƙa a wani ƙayyadajjen lokaci. Dole ta zama waƙar da kowa ya sani, wadda kuma babu wanda zai zarge ta. Mai karatu ka canki wadda suka zaɓa. Da ƙarfe 10:55 na daren 24 ga Afrilu 1974, kwana 18 bayan an kunyata ta a Brighton, waƙar Paulo de Carvalho ta tashi a wani gidan rediyo na Lisbon, sojoji suka fara ɗaura ɗamara. Bayan sha biyun dare aka sa waƙa ta biyu ta Zeca Afonso a wani gidan rediyon, motocin yaƙi suka fito. Kafin ranar 25 ga wata ta ƙare gwamnati ta faɗi, jama'a na soka wa sojoji jajayen furanni a bakin bindiga. Kafin ƙarshen 1975 Gini Bisau da Mozambik da Kef Bade da Sawo Tome da Angola duk sun zama ƙasashe masu cin gashin kansu.

Ban ce waƙa ce ta 'yantar da su ba, jinin mutanensu ne ya yi wannan. Amma na daɗe ina juya abin a raina. Alƙalan Brighton sun auna ta da mudunsu sun ce maki uku ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da ta yi musu ke nan a wannan daren. Abin da ba su da mudun auna shi shi ne matsayinta a gida, inda kowa ya san ta har ta isa ta zama alama tsakanin mutanen da suka sa wuyansu a kan wuƙa.

Mu dawo kan saurayin wayar Auta. Daga 2011 zuwa 2015 duk shigar da Fotugal ta yi ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba, a 2013 da 2016 ma zamanta ta yi a gida. Da za su dawo a 2017 sai RTP ta sauya salon zaɓe, ta gayyaci marubuta waƙa 16, ta ce kowa ya rubuta abin da ransa ke so ya kuma zaɓi wanda zai rera masa. Cikinsu akwai Luísa Sobral, ta rubuta Amar pelos dois, ma'ana yin so a madadin mutum biyu, ta ce ƙanenta Salvador ne zai rera. A zagayen ƙarshe na cikin gida ranar 5 ga Maris, alƙalai suka sa shi na ɗaya, masu kallo suka sa shi na biyu, da aka haɗa maki shi ne a sama. Ga shi kuma yaron yana fama da ciwon zuciya mai tsanani, har bai iya zuwa birnin Kiev na Yukren da wuri ba, yayar tasa ce ta riƙa tsaya masa a gwajin farko. Da muka zo nan na dubi Auta na ce ka ji inda ake zumunci, ya ce ai shi ma ga shi yana tsaya mini.

Ranar 13 ga Mayu 2017, cikin ƙasashe 42 da suka shiga, 26 suka kai zagayen ƙarshe, Fotugal ta ci da maki 758, adadin da ba a taɓa samu ba kafin nan. Alƙalai suka ba ta na ɗaya, masu kallo ma haka, Bulgeriya da ta zo ta biyu tana da 615. Rabon da waƙar da babu Turanci a cikinta ta ci tun ta Sabiya a 2007. Ya kira yayarsa suka rera tare a kan dandamali. A watan Disamba na shekarar aka yi masa dashen zuciya, ya kuma tashi.

Sai dai akwai inda ni da shi muka raba hanya. Da aka miƙa masa kofi ya yi wani ɗan jawabi, inda ya nuna cewa duniya ta cika da waƙoƙin ci ka yar marasa ma'ana, kuma nasararsa nasara ce ga masu waƙa ta gaskiya. Wasu daga cikin abokan takararsa ba su ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, domin na san zafin wannan magana. Mu ma ai haka aka daɗe ana ce mana, wai adabin kasuwar Kano, littattafan soyayyar da ake karantawa a yar. Alhali na san matar da da irin littattafanmu ta koyi haɗa baƙi bayan an cire ta daga makaranta, na san wadda ta aiko mini da wasiƙa ta ce wani babi da na rubuta ne ya sa ta daure ta faɗa wa mahaifinta abin da ke faruwa a gidan aurenta. Waƙar 1974 ɗin ma ai soyayya ce zalla, irin wadda masu ji da kansu za su taɓe baki a kai, rashin nauyinta a idon hukuma ne ma ya sa aka zaɓe ta. Wanda ya ci kofi yau bai kamata ya raina wanda ya zo na ƙarshe ba.

Allah kuwa da ikonsa, a 2018 aka kawo gasar Lisbon karo na farko, Fotugal mai masaukin baƙi ta fito da Cláudia Pascoal, ita ma da harshensu, ta zo ta 26 cikin 26 a gaban mutanenta. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Saboda haka ba zan yaudare ku in ce duk wanda ya riƙe nasa zai ci ba. Sun riƙe nasu sun faɗi ya fi a ƙirga, sun ci sau ɗaya a 2017, suka sake faɗuwa, shekara ta zagayo suka sake shirya bikinsu suka zaɓi wani.

A nan na gane abin da ke cina wata huɗun nan. Faɗuwa kowa na yi, na taɓa buga littafin da ko kuɗin takarda bai mayar ba, ban kuma shige ɗaki ba. Wannan karon abin da ya bambanta shi ne da zanen aro na faɗi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Paulo de Carvalho ya koma gida da maki uku, amma da waƙarsa a hannu, wadda mutanensa suka sani. Ni da na dawo babu abin da na riƙo, labarin da na aika alƙalai ba su so shi ba, ku ma da na kawo muku shi da kun ce wannan ba rubutuna ba ne. Na yi biyu babu.

Shekaranjiya na sa Auta ya janyo mini jakar takardun nan daga ƙarƙashin gado, duk ta yi ƙura. Na nemo asalin labarin kafin in yi masa aski, da uwar mijinsa da kishiyarsa da karin maganarsa, na karanta wa 'yata da daddare, tun ban kai rabi ba ta ce, "Umma, wannan ai shi ya kamata ki tura." In Allah ya kai mu baɗi zan sake shiga gasar, kuma irinsa zan tura. In sun ba ni maki uku na gode, zan kawo muku shi nan ku karanta.

Ci gaban labarinmu kuma yana nan tafe ranar Litinin da yardar Allah, daga inda muka tsaya. Ku taya ni da addu'a, wanda na ɓata wa rai da dogon jira ya yafe mini.

Wassalam, taku har kullum.