Wa ya gaya musu wata zai yi zazzaɓi?

Duk lokacin da rediyo ta sanar cewa daren kaza za a yi husufin wata, ba a rasa mai cewa: "Wa ya gaya musu? Gaibu sai Allah." Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, kuma sau da yawa yara na kawo mini wannan magana daga gida. Abin da ke damuna shi ne yaron da ya ji mushe ya faɗi abu ɗaya a lakol, baba ya faɗi wani a gida, har ya ɗauka sai ya zaɓi ɗaya tsakanin karatunsa da addininsa.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina. Mu rufe tagogi, in kunna fitila ta zama rana, yaro ya riƙe ƙwarya ta zama duniya, wani ya zagaya da lemu a matsayin wata. Da lemun ya shiga inuwar ƙwaryar, sai ya dushe. Husufi ke nan: duniya ta shiga tsakanin rana da wata. Shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika, daren 14 ko 15. Ba kowane wata ake yi ba, domin hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5, galibi yakan bi ta sama ko ta ƙasan inuwar. Jan da yake yi kuwa, hasken rana ne da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya, irin jan da muke gani da almuru.

Tun kafin a ƙera na'urar hangen nesa, mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun lura cewa husufi na maimaita kansa bayan wata 223. Wannan zagaye ake kira Saros: shekara 18 da kwana 10 ko 11, da ƙarin sa'o'i, a matsakaici kusan 8. A lissafin Hijira, shekara 18 da wata 7 ke nan.

Mu ɗauki husufin daren 27 ga Yuli 2018, cikin watan Zulƙida 1439, wanda aka gani daga Yamai har Damagaram inda hadari bai rufe sama ba. Wata ya yi sa'a 1 da minti 43 cikin inuwa ɗungurungum, mafi tsawo a wannan ƙarni. Wansa ya zo ranar 16 ga Yuli 2000, amma da rana tsaka ne a wajenmu, sai mutanen Asiya da Ostareliya suka gani. Ƙanensa zai zo 7 ga Agusta 2036, kafin asuba, in Allah ya kai mu. Waɗannan ƙarin sa'o'i su ke sa kowane zuwa ya faɗa wa wani yanki na duniya.

To, ina gaibu a nan? Manomi ya san bayan damina kaka ce, ba wanda ya kira shi boka. Jadawalin lokutan salla da ke rataye a masallatanmu da irin wannan lissafi aka yi shi. Kuma Annabi (SAW) da kansa, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi kusufin rana, ya hana mutane danganta shi da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya nuna musu ayoyin Allah ne, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Sanin lokacin husufi ba ya soke sallarsa. Hasali ma yana sa liman da jama'a su kwana da shiri.

Roƙona ga iyaye: idan yaro ya zo da labarin husufi daga lakol, kada a ƙwaɓe shi, a ce ya zana a ƙasa ya nuna. Mu kuma malamai, kada mu yi wa kakannin da suka kaɗa gwangwani don rana ta saki wata dariya a gaban jikokinsu, domin ko ba komai sun fi mu ɗaga kai sama. A rubuta 26 ga Yuni 2029 a bangon aji. Wajen ƙarfe 3 da rabi na dare wata zai shige inuwa gaba ɗaya. A tashi yara su gani da idonsu, sannan a tafi masallaci tare.