Lissafin Hukuma da Sanin Fatoma

Kalmar zango, wadda mu mutanen Kumasi muke furtawa zongo, asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Saboda haka duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase, kamar ni, cikin lissafin kaya ya buɗi ido: wa ya zo, me ya ɗauko, ina ya nufa. Kakanninmu sun yi fataucin goro ta Salaga zuwa Kano, madugu na gaba, jakuna na biye, ana ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a ɗaure shi huhu. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasunsu daga baya suka zauna a Kumasi, inda jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903.

A yau hukuma ma tana da nata lissafin. Tashar ruwa ta Tema na rubuta tan nawa ya wuce zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, ma'aunan kan hanya na gwada nauyin tirela, kwastan na Paga na riƙe da takardu. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar hanyar da za a faɗaɗa, da inda za a kafa tashar tudu kamar ta Boankra kusa da Ejisu, wadda aka fi shekara 20 ana dakonta.

Abin da ke damuna shi ne, ƙidayar ƙasa tana ganin kwantena sarai, amma buhun albasa dishi-dishi take hangensa. Ta san motar albasar Galmi ta shigo Gana. Ba ta san lungun da motar za ta tsaya ba, ko awa nawa za ta tare hanya ana saukewa, ko babur mai ƙafa uku nawa zai kwashi buhunan, balle matan da ke dakon sauran a ka, waɗanda ake kira kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya. Nan ne cunkoson unguwanninmu yake, nan kwalta ke farfashewa.

Wanda ya san wannan shi ne fatoma, mai masaukin baƙi, da dillalinsa. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin albasa suka maƙale a iyakar Benin, farashi ya hau. Ta wayar direbobi labarin ya fara isowa zongo, tun kafin a rubuta shi a wani rahoto.

Ba na raina alƙaluman hukuma, domin ba a gina gada da ji-ta-ji-ta. Sai dai mai tsara hanyoyin yankin Asante ya kamata ya ɗauki takardar ƙidayarsa ya zauna da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu, ya tambaye su watan da kaya ke yawa da ranar da motoci ke shigowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.