SUNDBORN: ƘAUYEN MAI ZANEN DA AKA ƘI BABBAN AIKINSA

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa a Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin, ya nufi arewa maso yamma, zai yi kusan awa uku yana ratsa dazuzzuka da tafkuna kafin ya sauka a Falun, hedkwatar lardin Dalarna. Tun jirgi bai tsaya ba baƙo zai lura da abu guda, watau yawancin gidajen ƙauyukan da ya wuce na katako ne, jajaye wur, da farin fenti a gefen tagogi da kusurwoyi. Dalili kuwa shi ne Falun garin haƙar jan ƙarfe ne tun shekaru aru-aru, kuma daga tarkacen mahaƙarsa a ke samun ƙasar da a ke haɗa wannan jan fenti. An rufe mahaƙar cikin 1992, amma ba a daina yin fentin ba.

Mutanen Dalarna sun daɗe da son ado a bango. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har tsakiyar ƙarni na 19 akwai masu zane 'yan ƙauye, musamman daga Rättvik da Leksand, waɗanda su ke yawo gida gida suna yi wa manoma zane a ɗakunan baƙi. Labarun Littafi Mai Tsarki su kan zana, amma sai su sanya wa annabawa da sarakuna tufafi irin na mutanen lardinsu. A tsakiyar kusan kowane zane kuma akwai wani tsiro mai manyan ganyaye da furanni da su ke kira kurbits, wanda asalinsa tsiron nan ne da ya yi wa Annabi Yunusa inuwa bayan fitowarsa daga cikin kifi.

GIDA A BAKIN KOGI

Daga Falun zuwa ƙauyen Sundborn bai kai kilomita 15 ba. Ƙauye ne ƙarami a bakin kogi, da cocinsa da 'yan gonakinsa, in ba domin gida ɗaya ba da babu abin da zai tsayar da matafiyi. Gidan nan sunansa Lilla Hyttnäs, mai shi kuwa shi ne Carl Larsson, wanda ya yi wa manyan gine-ginen ƙasarsa ado da zane. Gidan yana hannun ƙungiyar zuriyarsa, ana kuma zagayawa da baƙi ɗaki ɗaki.

Wanda ya ga walwalar gidan ba zai yi zaton irin ƙuncin da mai shi ya tashi a ciki ba. An haifi Carl Larsson ran 28 ga watan Mayu na 1853 a tsohon garin Stockholm. Mahaifinsa ɗan ƙwadago ne mai shan giya da zafin rai, mahaifiyarsa kuwa da wankau ta riƙe gidan, a unguwar matalauta inda iyalai da dama ke cunkushe a gida ɗaya. A makarantar 'ya'yan talakawa ne wani malami ya ga hannun yaron, ya ba da shawarar ya nemi shiga ajin share fage na babbar makarantar zane ta ƙasar, aka kuwa ɗauke shi yana da shekara 13. Tun yana ɗalibi ya fara yi wa jaridu zane, irin su Kasper mai ban dariya, da kuɗin da ya ke samu ya ke ciyar da iyayensa.

Cikin 1877 ya tafi birnin Faris neman suna, amma ya yi shekaru yana fama babu kasuwa. Sai a 1882, a wani ƙauye mai suna Grez-sur-Loing kudu da Faris, inda masu zane 'yan arewacin Turai ke taruwa, al'amarinsa ya sake. A can ya koma aiki da fentin ruwa, wanda ya dace da hannunsa har ya ci lambar yabo a babban nunin zane na Faris a 1883. A can kuma ya haɗu da Karin Bergöö, 'yar wani ɗan kasuwa, wadda ita ma ta yi karatun zane. Suka yi aure a 1883.

Surukinsa, Adolf Bergöö, shi ya ba su gidan Sundborn kyauta cikin 1888. A lokacin ɗan ƙaramin gidan katako ne. Da fari da zafi kawai su ke zuwa, suna ƙara ɗaki yau, su fasa taga gobe, har suka gina babban ɗakin zane, kana suka tare gaba ɗaya a 1901.

HANNUN UWARGIDA

A wancan zamani gidajen masu hali a Suwidin duhu gare su, da manyan kujeru masu nauyi da labule masu kauri. Wannan kuwa ƙasa ce inda yinin tsakiyar hunturu bai fi awa shida ba. Su Larsson sai suka bi wata hanya dabam. Ɗakin cin abincinsu ja ne da kore masu haske. Falonsu fari ne da shuɗi-shuɗi, da jerin tagogi masu duban kogi, da tukwanen furanni a bakin taga, da 'yan siraran shimfiɗu masu ratsi a ƙasa. A jikin ƙyamare Larsson ya zana fuskokin 'ya'yansa da ta matarsa, a saman ƙofofi kuma ya yi rubutu da furanni, kamar dai yadda masu zanen Dalarna na dā su ke yi.

Amma baƙon da ya duba da kyau zai gane rabin aikin na uwargida ne. Bayan aure Karin ta ajiye burushi, ta haifi 'ya'ya takwas, ɗaya ya rasu yana jariri, babban ɗansu namiji Ulf kuma ya rasu a 1905 yana saurayi. Fasaharta sai ta koma kan masaƙa da allura. Ita ta saƙa labule da mayafan tebur da darduma mai launuka da ke rataye a ɗakin cin abinci, ita ta ɗinka tufafin yaran, ita kuma ta tsara waɗansu kujeru ta ba kafintan ƙauye ya yi. Ana ba da labari a gidan cewa akwai kujerar lilo da ta tsara wadda kafintan ya ga ba ta da ado ko kaɗan, har ya ji kunyar a gan shi da ita, sai da dare ya yi ya kawo ta. Duniya ba ta ba Karin haƙƙinta sosai ba sai a 1997, sa'ad da gidan kayan fasaha na Victoria and Albert a Landan ya shirya nuni da sunan su biyu.

Waɗannan ɗakuna ne Larsson ya riƙa zanawa da fentin ruwa, yara na wasa, ana cin abinci, ana kamun kifi a kogi. An tattara hotuna 24 aka buga a littafi mai suna Ett hem, watau Gida, a 1899. Bayan shekara goma, a 1909, wani mai buga littattafai a Jamus ya fito da zaɓaɓɓun hotunansa a littafi mai araha, aka sayar da kwafi 40,000 cikin wata uku. Daga nan gidan wani ɗan talaka a ƙauye ya zama abin koyi ga gidaje da yawa a Turai.

BANGON DA YA RAGE

Abin mamaki, shi Larsson ba waɗannan ƙananan hotuna ya ɗauka babban aikinsa ba. Zuciyarsa tana kan bangayen manyan gine-gine. Saboda haka wanda ya ke son sanin ƙarshen labarin, sai ya bar Sundborn ya koma Stockholm, ya shiga Nationalmuseum, gidan adana kayan fasaha na ƙasa, wanda ke bakin ruwa daura da fadar sarki.

Da shigarsa zai ga manyan zane guda shida a jikin bangon matakala ta ƙasa, waɗanda Larsson ya yi a 1896 a kan ɗanyen shafe, suna ba da tarihin fasaha a Suwidin. In ya hau sama zai ga Sarki Gustav Vasa a kan farin doki yana shiga Stockholm a tsakiyar lokacin zafi na 1523, wanda aka kafa a 1908. Bango ɗaya ya rage, wanda ke fuskantar wannan, kuma babu wanda ya ce Larsson ya cika shi. Shi ya ɗora wa kansa. Nufinsa hunturu ya fuskanci zafi, sarkin da ya ba da ransa domin jama'a kuma ya fuskanci sarkin da ya ci nasara.

Labarin da ya zaɓa daga tsofaffin littattafan mutanen arewa ne, na zamanin da su ke bautar gumaka. An ce an yi yunwa shekara uku a jere a zamanin Sarki Domalde. A shekarar fari aka yanka shanu a ɗakin tsafi na Uppsala, ba a ga sauƙi ba. A ta biyu aka yanka mutane, nan ma shiru. A ta uku manyan ƙasa suka yanke shawarar sarki ne za a bayar. Larsson ya zana sarkin ya tuɓe, an jawo shi gaban ɗakin tsafi mai ƙyallin zinariya, babban boka ya ɗaga guduma, mai yanka kuma sanye da jar alkyabba ya juya baya da wuƙarsa. Sunan hoton Midvinterblot, watau hadayar tsakiyar hunturu. Tsawonsa ya zarce mita 13, tsayinsa kuma ya zarce mita 6.

Tun da ya nuna zayyanar farko a 1911 aka yi masa caa a jaridu. Masana tarihi suka ce ɗakin tsafin da tufafin da makaman ba na zamani ɗaya ba ne. Waɗansu suka ce yankan ɗan Adam ba abin kafawa a gidan ƙasa ba ne, matasan masu zane kuma suka ce salonsa ya tsufa. Duk da haka ya ci gaba da kuɗinsa da ƙarfinsa har ya gama a 1915. Aka rataya hoton na ɗan lokaci domin a gani, sa'an nan aka ƙi karɓarsa.

Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai. A littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya gama dab da mutuwarsa aka buga a 1931, ya nuna cewa ƙin hoton ya karya shi, amma yana sa ran za a girmama shi wata rana bayan ba ya nan. Ya rasu a Falun ran 22 ga watan Janairu na 1919, aka binne shi a maƙabartar cocin Sundborn. Karin ta bi shi a 1928.

Hoton kuwa ya sha yawo. Ya yi kusan shekara arba'in a wani gidan ajiye zane a garin Lund, can kudu. A 1987 aka yi gwanjonsa a Landan, wani attajiri ɗan Japan ya saye. Sa'ad da Nationalmuseum ya cika shekara 200 a 1992, sai mai hoton ya ba da aronsa, aka rataye shi a bangon da aka zana shi dominsa. Da jama'a suka gan shi a wurin, sai muhawara ta sake tashi, amma wannan karo masu so suka rinjaya. Da gudummawar masu hali da ƙungiyoyi aka saye shi a 1997 a kan kurona miliyan 14.6, shekara 82 bayan gama shi.

Hausawa kan ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. Shi dai Carl Larsson dutsen ya dahu, amma waɗansu ne suka sha romon. Baƙon da ya hau matakalar nan a yau, in ya kai sama, zai tarar da sarakuna biyu suna duban juna, ɗaya a kan farin doki cikin rana, ɗaya kuma tsaye cikin sanyi yana jiran wuƙa, kamar yadda yaron nan ɗan mai wankau ya so tun farko.