Tawadar da Ido Ba Ya Gani

A makarantar allo aka koya mini cewa ba a ɗora sabon karatu sai an wanke allo ya bushe. Ban taɓa zaton kwamfuta za ta maimaita mini wannan darasi bayan furfura ta kama ni ba.

Ni ne magatakardan wani dattijo a zangonmu na Kumasi, duk sanarwarsa ta hannuna take bi. Wata asuba aka yi mana rashin wani malami. Maigida ya faɗa, na rubuta a Microsoft Word, na tsara ta tsaf, na kwafe na liƙa a Facebook domin 'yan'uwa na Tamale su samu labari. Gaggawa ta hana ni sake dubawa.

Bayan jana'iza ɗan marigayin ya miƙo mini wayarsa cikin ladabi, ya ce, "Baba, ku duba." Layuka sun kakkarye, ko'ina giɓi. Duk inda na sa ƙ, ɗ ko ɓ, wata baƙuwar alama ce zaune. Har addu'ar "Allah Ya jiƙansa" ba ta tsira ba, ga sunan Maigida a ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe rubutun Word yana da zahiri da baɗini. Ƙarƙashin abin da ido ke gani akwai ɓoyayyun alamomin tazara da karya layi, masu bin rubutu idan an kwafe shi. Tsohon samfurin haruffan da nake amfani da shi kuwa aron gurbin wasu alamomi ya yi, ya sa musu rigar haruffa masu lanƙwasa. Da suka bar kwamfutata sai rigar ta faɗi.

Yanzu nakan danna alamar ¶ in ga abin da ke ɓoye, in bi da rubutun ta Notepad, wanda ke zubar da ado ya bar tsurar haruffa. Wankin allona ke nan. Haruffa masu lanƙwasa kuwa na koma rubuta su da tsarin Unicode.

'Ya'yanmu a nan da Turanci suke karatu, da Twi suke ciniki. Idan suka ga Hausa a hargitse, sai su ɗauka ba harshen rubutu ba ne. Maganar dattijo amana ce, harshen ma amana ne. Allah Ya ba mu ikon riƙewa.