Littafin Kawu mai gidan kallo

A wannan makon mun yi niyyar rubutu a kan bashin da ya yi wa manyan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila katutu, kuma gaskiya don mu tsokani 'yan Manchester United na ajinmu ne. Sai reshe ya juye da mujiya.

A gidan kallon da muke zuwa Asabar da Lahadi a nan Dinawa, duk ranar da aka ci United, ihun da ake yi musu shi ne "ƙungiyar bashi!" Mun bincika, kuma ba sharri ba ne. A 2005 iyalan Glazer, wasu attajiran Amurka, suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance suka ci, sannan suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar. Kamar mutum ya jinginar da gidanku ya karɓi kuɗi, ya sayi gidan da kuɗin, ya bar ku da biyan kuɗin ruwa. Har bayan shekara 20 bashin bai ƙare ba. Da Jim Ratcliffe ya sayi wani kaso a 2024 ya ce zai tsuke bakin aljihu, ƙananan ma'aikata kusan 250 aka sallama, daga baya har abincin rana na kyauta aka hana waɗanda suka rage. Alhali akwai 'yan wasan da ke karɓar sama da fam dubu 200 a mako guda, ko sun buga ko suna benci.

An dai yi wata doka da ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Ita ce ta sa aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai na Portsmouth ne, kuma daga bakin mai gidan kallon muka fara jin sa. Kawu muke ce masa. Yana da wani tsohon hoton Nwankwo Kanu manne a jikin kwano, duk ya koɗe. Ya ce a 2008, shekarar da aka haifi wasunmu, Kanu ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff a filin Wembley, Portsmouth ta ɗauki kofin FA. Sauran labarin malaminmu na tattalin arziki ya taimaka mana muka karanta. Ashe ƙungiyar tana biyan albashin da ya fi ƙarfinta. Kafin shekara biyu albashi ya fara makara. A watan Fabrairun 2010 ta karye, aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da bashi ya durƙusar, aka cire mata maki tara, ta faɗo daga gasar Firimiya. Bashin ya haura fam miliyan 100.

Ga inda muka yi shiru. Ƙa'idar ƙwallon Ingila ta ce 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi ake fara biya, kuma cif. Sauran masu bin bashi, ƙananan 'yan kasuwa da makarantun garin, har da St John Ambulance masu agajin gaggawa a filin wasa, sai aka yi musu tayin ɗaya bisa biyar na kuɗinsu, shi ma a hankali. Zuwa 2013 Portsmouth ta gangara rukuni na huɗu, magoya baya ne suka yi karo-karo suka saye ta.

Mun koma wurin Kawu da zumuɗi muna ba shi wannan labari, muna cewa Turawa ba su da tausayi. Ya saurare mu har muka gama. Sai ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wani littafin rubutu irin namu na makaranta, bangonsa duk maiƙo.

"Yaran ga, ku buɗe ku karanta min. Ku ad da ilimi."

Sunayenmu ne. Mu shida ne a wannan ƙungiya ta 'yan jarida, huɗu suna ciki. Kowane suna da 'yan layuka a gabansa, kowane layi wasa ɗaya da aka kalla ba a biya ba. Mu da kanmu mun manta sau nawa muka shige muna cewa, "Kawu, rubuta, sai an cire albasa." An cire albasar, an kai kasuwa, an sake dasa wata.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mana sauƙi. Lissafi ya yi mana. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da janareto ke sha a wasa biyu ya ninka fiye da sau uku. Kuɗin kati na wata-wata ya tashi, kuma masu kati ba su da littafi: ranar da ya ƙare, allo ya yi duhu. Mai fetur yana bin sa na jarka biyu. Ya ce in wata ya ƙare a haka, zai kwance dish ɗin ya sayar, ya koma fadama.

Ɗaya daga cikinmu, ɗan Chelsea mai baki, ya ce a hankali, "Ashe mu ne Portsmouth." Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Laraba muka haɗa abin da ya sawwaƙa. Wani ya sayar da zakaransa, wani ya kawo kuɗin ɗaurin albasa da ya yi ranar Lahadi, wani ya haƙura da kuɗin tara na mako guda. Kawu ya ƙirga, ya ja layi a kan sunaye huɗu, ya ce Allah ya yi mana albarka. Kuɗin jarka ɗaya kawai suka biya.

Saura sunaye goma sha ɗaya a littafin, kuma bakwai daga cikinsu suna tsayawa gaban wannan allon kowace safiya. Mun so mu rubuta su a nan, Malam ya hana. Wata zai ƙare ranar Juma'a mai zuwa.